Mujallar da ba ta neman riba: wa ke zaɓen labarin, wa ke biyan kuɗinsa?

Matasan Sakkwato masu sha'awar rubutu sun daɗe suna maimaita magana ɗaya, a harabar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da majalisun unguwa da zaurukan WhatsApp: ya kamata a ce muna da mujallar kanmu, wadda aikinta kawai kawo labaran mutanenmu, ba don a ci riba ba. Ina cikin masu wannan buri, kuma ina son in ga ya tabbata. Amma irin wannan mujalla tana tsayawa ne ko ta faɗi a kan abu biyu da ba a cika tattauna su ba sai bayan an watse daga bikin ƙaddamarwa: yadda take zaɓen labarin da za ta buga, da inda take samun kuɗin ci gaba da bugawa. Mai bibiya zai tarar cewa na biyun ne ke juya na farkon, sau da yawa ba tare da editan ya ankara ba.

Cewa mujalla ba ta neman riba ba ya nufin kuɗi ba ya shiga hannunta, ko ma'aikatanta aikin sa-kai za su yi har abada. Abin nufi shi ne, idan aka biya albashi da haya da sauran hidimomi, abin da ya rage ba na aljihun kowa ba ne, cikin aikin yake komawa. A Najeriya hanyar da aka fi bi ita ce a yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Amintattun ne ke riƙe da dukiyar ƙungiya, su ne kuma za a tuhuma idan kuɗi ya yi ɓatan dabo. Akwai rahoton shekara da ake miƙa wa hukumar, akwai asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan wanda ya kafa ta ba. Wannan ɓangaren ba shi da wuya, lauya ɗaya mai gaskiya ya isa.

Wuyar tana wajen zaɓe, domin mujallar labarai ba jaridar yau da kullum ba ce. Jarida ta gaya mana cewa a watan Satumban 2010 ruwa ya ɓalle daga wajen Goronyo, Gulbin Rima ya cika ya batse, ya ci garuruwa da gonaki, ya karya gadar da ke kai mutane mazaunin dindindin na jami'a. Bayan 'yan makonni aka wuce wurin. Mujallar da muke magana a kai ita ce za ta tashi bayan shekaru ta nemo matar da aka kwashe su daga garinsu aka zaunar a kan tudu, ta ji wa ke noma fadamarsu yanzu, ina aka rufe mahaifinta, me take gaya wa jikokinta da ba su san tsohon garin ba. Irin wannan labari ba ya zuwa da kansa, kuma ba ya kammaluwa a yini ɗaya.

Wasu labaran marubuta ne ke kawo su. Mutum ya rubuto 'yar takarda ya ce ga abin da yake son bi, ga waɗanda zai gani, ga dalilin da ya sa shi ne zai iya shiga wurin. Wasu edita ne ke tura wakili. Wasu kuma mai labarin ne da kansa ke aiko murya ta WhatsApp. Haɗarin yana nan: mujallar da ta zauna tana jiran abin da aka turo mata za ta cika da muryoyin 'yan boko mazauna birni, galibinsu maza, masu babbar waya da kuɗin data. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a 14 daga cikinsu saboda 'yan bindiga, wato lokacin da mutanen Isa da Sabon Birni suka fi kowa abin faɗa shi ne lokacin da ba su da hanyar faɗa. Ga matan da ke cikin gida, waɗanda namiji baƙo ba zai wuce zaure ba balle ya ji ta bakinsu. Ga tsofaffin da ajami suke rubutawa. Duk mujallar da ba ta da wakilai mata da kuɗin motar zuwa ƙauye ta riga ta yi zaɓenta tun kafin a zauna taron zaɓe.

Wannan darasi ba baƙo ba ne a garin nan. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su zo su same ta kaɗai ba. Ta naɗa jajis, wato mata jagorori, ta ɗaura musu malfa, suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta suna kai wa 'yan taru, wato matan da ke ɗaukar karatunta a ƙauyuka, suna kuma jagorantar su zuwa wurinta. Hanya ce mai zuwa da dawowa.

Yanzu a ce an zauna taron. A ce labari talatin ne a kan tebur, kuɗin da ke asusu kuma na huɗu ne kacal. Mu ɗauki biyu daga ciki mu duba su da kyau.

Na farko na wani dattijo ne majemi. Ya gaji sana'ar daga kakanni: a jiƙa fata, a sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a jeme ta da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. 'Ya'yansa uku babu wanda ya tsaya, biyu kabu-kabu suke yi, ɗaya yana sayar da waya. Na biyu kuwa na wata mata ce da ta gudo daga gabashin jihar bayan an sace mijinta, aka sayar da gona da shanun huɗa aka biya kuɗin fansa, bai dawo ba.

Edita na gari tambayoyi iri ɗaya zai yi wa labaran biyu. Akwai mutum a ciki, ko kuwa maudu'i ne kawai aka liƙa wa suna? "Mutuwar sana'ar jima" kan magana ne na takardar taro. Labari shi ne ranar da dattijon ya ga ɗansa na fari ya jingine wuƙar kankara ya fita, da abin da suka ce wa juna bayan sallar isha'i. An taɓa faɗin wannan ta wannan fuska? Marubucin yana da hanyar komawa sau biyu, sau uku, har mai labarin ya saki jiki? Sannan za a iya tabbatar da abin da aka faɗa?

Mutane da yawa suna ganin labarin rayuwar mutum ba ya buƙatar bincike tunda shi ya faɗa da bakinsa. Ban yarda ba. Tsufa yana haɗa shekaru, baƙin ciki yana sauya jerin abubuwa, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Idan dattijo ya ce abu ya faru zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, to wannan zamani shekara hamsin ne, daga 1938 zuwa 1988, dole a nemi wata alama: kafin yunwa ne ko bayanta, an canza kuɗi ko ba a canza ba. Idan matar ta ce mai garinsu ya haɗa baki da ɓarayin, ko dai a je a ji ta bakinsa a nemi shaidu, ko kuma a cire wannan zargi. Mujalla ƙarama ƙara ɗaya a kotu za ta iya rufe ta, kuma ko ba kotu, zaluntar mutum da alƙalami zalunci ne.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa zai cutu. A nan labaran biyu suke rabuwa. Majemin ba abin da zai same shi in an buga hotonsa. Matar kuwa ranta ne a ciki. Za ta ce a sakaya sunanta, a sakaya, amma idan aka rubuta cewa matar mai shayi ce mai tagwaye a gari kaza, kowa ya san ta, kuma infoma ma suna da waya. Dole a cire sunan garin, a sauya abin da zai nuna ta, a kuma gaya wa mai karatu cewa an yi hakan. Akwai wani abu kuma da duk wanda ya taɓa shiga wurin 'yan gudun hijira da biro da littafi ya gani: mutane sukan ɗauka rajistar tallafi ake yi. Mata za su yi layi, kowace tana faɗin sunanta da yawan 'ya'yanta. Amincewar da aka samu a wannan hali ba amincewa ba ce. Sai wakili ya faɗa ƙarara cewa shi ba shinkafa ya kawo ba, labarin zai shiga wayoyin mutane har a garin da ta baro, kuma tana da damar cewa a'a. Bayan an rubuta, a koma a karanta mata da baki, ta ji, ta ce wannan a bar shi, wannan a cire. Ba za ta sauya gaskiya ba, amma tana da iko da sirrinta. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara wa wannan nauyi na shari'a.

Haka batun yara. A Sakkwato akwai asibitin yara masu ciwon noma, cutar da ke cin baki da fuska, tun 1999, kuma labarin yaran da aka yi wa aiki suka koma makaranta labari ne da ya cancanci a faɗa. Amma hoton fuskar yaro da aka saka a intanet ba ya goguwa. Zai girma, zai nemi aure, hoton yana nan. Editan da ya san aikinsa yakan zaɓi hoton hannun uwa ko takalman yaron a bakin ƙofa, ko da ya san ɗayan hoton ya fi jawo masu kallo.

Ana gardama kan ko za a biya mai labari. Ni ra'ayina kada a sayi labari, domin ranar da aka fara haka, wanda ya fi ƙara gishiri shi zai fi samu. Amma macen da ta bar tuyar ƙosanta yini guda ta zauna da wakili, a biya ta asarar wannan yini, a biya kowa daidai, a kuma faɗa tun farko.

Sai harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, kuma da ita ake rubutu. Amma idan tsohuwar Wurno ta yi magana aka goge Sakkwatancinta tas aka mayar da ita tamkar mai karanta labarai a rediyo, an cire ta daga labarinta. Bayanin marubuci ya bi ƙa'ida, maganar mutane a bar ta yadda ta fito.

Duk wannan hukunci a hannun wa yake? Tarihi ya nuna mana nauyin tambayar. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da ofishin fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, ya zagaya yana neman malamai su rubuto. 'Yan littattafan da aka zaɓa aka buga sun zama ma'aunin da ɗalibai suka yi shekaru da yawa suna auna labarin Hausa da shi. Littattafai ne masu daraja, amma idon mutum ɗaya da kuɗin gwamnatin mulkin mallaka ne suka tace su. Shi ya sa nake ganin ko mujallar mutum biyar ce, kada zaɓe ya zama na mutum ɗaya. A sa mace a ciki, a sa wanda ya tashi a karkara. A karanta rubutu ba tare da sunan marubuci ba a zagayen farko. Wanda labarin ya shafi danginsa ko ubangidansa ya tashi daga teburin. Wanda aka ƙi nasa kuma a gaya masa dalili, domin a wurin da marubuta ba su da yawa, wanda aka mayar yau da bayani shi ne zai kawo mafi kyau badi.

To, ga maganar kuɗi. Labari ɗaya mai kyau yana cin kuɗin mota zuwa da dawowa fiye da sau ɗaya, da kwana, da ladan marubuci, da mai hoto, da wanda zai zauna ya rubuta muryar awa uku kalma bayan kalma, da mai tacewa, da data, da wutar da za a caja kwamfuta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa Illela ko Tambuwal kaɗai ya zama abin da ake lissafi kafin a tashi. Talla ba za ta ɗauki wannan ba. Masu talla yawan masu kallo suke bi, labarin majemi kuwa ba zai taɓa yin gogayya da labarin rikicin 'yan fim ba.

Shi ya sa yawancin irin waɗannan kafafe da tallafin gidauniyoyi suke rayuwa. ProPublica, kafar binciken jarida ta Amurka, da kuɗin iyalin Sandler aka kafa ta a 2007, kuma tana barin wasu jaridu su sake buga aikinta kyauta. A nan gida, cibiyoyin binciken jarida irin su ICIR ta Abuja da Cibiyar Wole Soyinka ta Legas sun yi ayyuka masu yawa da tallafi, Gidauniyar MacArthur kuma ta yi shekaru tana tallafa wa kafafen Najeriya. Babu abin kunya a wannan. Amma a san yadda tallafin yake zuwa: yawanci na wani aiki ne takamaimai, na shekara ɗaya ko biyu, a kan maudu'in da mai bayarwa ya zaɓa, kamar rashin tsaro ko auren wuri ko yaran da ba sa zuwa makaranta. Kuɗin haya da albashin edita ba kasafai suke ciki ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Koma teburin zaɓen nan: labarin matar yana da mai ɗaukar nauyi, na majemin ba shi da shi. Babu wanda ya kira edita ya ba shi umarni, amma wata bayan wata sai labaran wahala su riƙa shiga, na maƙeran unguwar Assada da manoman albasa da malaman zaure su riƙa jiran wata mai zuwa. Bayan shekara uku mai karatu a Legas zai ɗauka babu komai a Sakkwato sai kuka. Wannan ne abin da ya fi damuna a cikin batun gaba ɗaya, domin kowane labari da aka buga gaskiya ne, amma jimillarsu ta ba da hoton da ba namu ba.

Ga shi kuma tallafin waje ba shi da tabbas. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa ta hannun hukumarta ta taimakon ƙasashen waje, USAID, kafafe da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama suka wayi gari babu albashi. Mujallar da mai ba ta kuɗi ɗaya ne, ranar da ya sauya shawara ranar ce ta ƙarshe.

Kuɗin gwamnati da na 'yan siyasa ya fi kusa, ya kuma fi haɗari. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta yi wa Hausa hidimar da ba a mantawa, amma rayuwarta a hannun hukuma take, da kamfanin New Nigerian ya durƙushe ita ma ta bi shi. Ɗan siyasa kuwa ba ya bayarwa don Allah a shekarar zaɓe. Ko ambulan ɗin da ake miƙa wa wakili a ce "ga na mota" ya isa ya lalata aikin wata guda, kuma wakilin da mujallarsa ba ta biya shi ba da wuya ya mayar da ita. Biyan marubuci a kan kari yana cikin kare gaskiyar labari.

Masu karatu fa? Jaridar Daily Maverick ta Afirka ta Kudu ta buɗe tsarin mambobi a 2018: karatu kyauta ne ga kowa, mai hali ya riƙa ba da abin da ya sauwaƙa duk wata. Za a ce mutanenmu ba sa biyan kuɗin karatu, amma mutanen nan ne suka yi shekaru suna sayen katin gaisuwa don a ambaci sunansu a rediyo, su ne ke tara kuɗin gyaran masallaci da na jinyar maƙwabci. Suna bayarwa idan sun ga abin nasu ne kuma sun ga inda kuɗin ya shiga. Sharaɗin shi ne labarin ya isa gare su ta hanyar da suke karɓa: a karanta shi da murya a tura ta WhatsApp, a nemi fili a Rima Rediyo ko wata tasha, a kuma wallafa lissafin shiga da fita duk shekara da sunan duk wanda ya ba da kuɗi mai yawa. Wannan kuɗi ba zai yi yawa da farko ba. Amfaninsa shi ne ba shi da maudu'i a liƙe, da shi za a je wurin majemi.

Wasu kafafen suna haɗawa da aikin fassara da horar da ɗalibai da tattara labaran shekara a littafi a sayar wa makarantu. Yana taimakawa, muddin bai cinye lokacin da aka kafa mujallar dominsa ba.

Hanyar da nake ganin ta fi dacewa da garin nan, kuma ba a cika ambatonta ba, ita ce wakafi. Jaridar Guardian ta Ingila tun 1936 take ƙarƙashin amanar Scott, wadda aka kafa don kada wani ya saye ta ko ya juya ta, ribar kuma ta koma cikin aikin. Mu muna da wannan tsari a fikihu tun kafin nan, kuma jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi mai aiki. Zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, ba ta mujalla ba ce. Wakafi kuwa ya fi faɗi, an daɗe ana yin sa don ilimi da littattafai, kuma malamai za su iya fayyace yadda adana tarihin mutane zai shiga ciki. A ce wani attajiri ya tsayar da shaguna uku a kasuwa, asalinsu ba a sayarwa ba a gado, hayarsu kuwa ta riƙa biyan edita ɗaya da wakilai biyu. Sai dai tun da a wakafi sharaɗin mai bayarwa abin bi ne, takardar ce za a tsaya a kanta tun ranar farko: a rubuta cewa shi da 'ya'yansa ba su da kujera a teburin zaɓen labari, a rubuta wanda zai naɗa sabon amintacce idan ɗaya ya rasu, a kuma rubuta inda muryoyin da aka naɗa da hotuna za su koma idan mujallar ta tsaya, ko ɗakin karatun jami'a ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, tare da sharaɗin cewa waɗanda aka sakaya sunansu za su ci gaba da zama a sakaye.